Tabon ganɗa da ba ya ciwo: sankarar baki, ƙanjamau, da 'yan kasuwarmu na hanyar Lafia

Duk mai harkar doya, agushi ko riɗi a kasuwannin Kudu ya san Lafia, ko da bai taɓa kwana a cikinta ba. Daga Agyaragu da Doma da kasuwar Alamis ake loda manyan motoci, su bi ta Makurɗi su gangara Inugu, Anacha, Aba da Fatakwal, wasu kuma su nufi Legas. Da yawa daga cikin mutanenmu na Sabo da Ama Hausa da Mile 12 iyalinsu na can jihar Nasarawa, su kuma suna nan suna nema: wata uku a Kudu, sati biyu a gida, a sake komawa. Wannan zirga-zirga ita ke ciyar da gidaje. Ita ce kuma ke ba wani ciwo damar ɓuya har ya yi ƙarfi, wato sankarar baki da ke bin bayan cutar ƙanjamau.

Babban binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018, wanda aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan in aka haɗa kowa da kowa. Amma rabon bai zo daidai ba. Arewa maso yamma na da kashi 0.6, yankin Kudu maso kudu kuwa kashi 3.1. Akwa Ibom ce ta zo kan gaba, sai Binuwai, sai Ribas. Nasarawa na wajen kashi 2, ta ɗara matsakaicin ƙasa. To, duba hanyar da motar doya ke bi: ta taso daga Nasarawa, ta ratsa Binuwai, ta sauke a Ribas. Bakano ko Basakkwacen da ya taso yana jin wai ƙanjamau ciwon wasu ne, yanzu rayuwarsa na kan wannan hanyar.

Ka taɓa leƙa ganɗarka?

Mafi yawanmu muna yin asuwaki ko buroshi kullum, muna kurkure baki sau biyar ko fiye wajen alwala, amma da wuya ka samu wanda ya taɓa ɗaga kai gaban madubi ya haska rufin bakinsa da tocilar waya. Nan ne kuwa sankarar da aka fi gani a bakin masu ƙanjamau ta fi son zama. Likitoci na ce mata Kaposi.

Farkonta tabo ne kawai, a shafe, bai tashi ba. Launinsa ja mai duhu, ko ruwan hanta, ko shunayya. Ya fi fitowa a ganɗa, sai dasashi, sai bayan harshe. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, ba ya hana cin tuwo. Mai cin goro ma sai ya ɗauka rinin goro ne. Bambancin shi ne rinin goro na fita in an wanke baki, wannan kuwa yana nan daram, kuma in ka danna shi da yatsa launin ba ya gushewa. Bayan makonni ko watanni sai ya fara tasowa ya zama ƙulli, ɗaya ko da yawa, yana jini in abinci mai tauri ya goge shi. In aka bar shi, yakan girma har ya rufe haƙora, ya sa su girgiɗi, ya hana tauna da haɗiya, magana ma ta canza. A wannan matakin ne akasarin mutane ke zuwa asibiti, alhali ciwon ya daɗe yana sallama ba a amsa ba.

Kada kowa ya firgita don ya ga duhu a dasashinsa. Baƙar fata da yawa an haife mu da dasashi mai duhu-duhu, a ko'ina daidai, hagu da dama, tun yarinta. Wanda ake magana a kai sabo ne, a wuri guda, kuma yana ƙaruwa.

Abin da ya sa bakin ke da muhimmanci shi ne, a jikin baƙin mutum tabon Kaposi na fata yakan saje. Yana fitowa a ƙafa, a hanci, a ƙirji, baƙi-baƙi kamar tsohon tabon ƙurji, wani lokaci tare da kumburin ƙafa mai tauri. A cikin baki kuwa, inda naman ke da haske, ido na kama shi da wuri. Wasu marasa lafiya a baki ciwon ke fara bayyana kafin ko'ina, kuma akwai waɗanda likitan haƙori ne mutum na farko da ya ce musu su je gwajin jini. Sannan in an ga Kaposi a baki, likita zai so ya duba ko ya shiga hanji ko huhu, domin sukan tafi tare. Na huhu shi ne mafi haɗari: tari, haki, wani lokaci da jini, har a yi ta ba mutum maganin tarin fuka ba sauƙi.

Daga ina sunan ya fito, kuma me ke kawo shi

Moritz Kaposi likitan fata ne ɗan ƙasar Hungary da ya yi aiki a birnin Biyana. A 1872 ya bayyana ciwon a jikin wasu dattawa, kuma kusan shekara ɗari ana kallonsa a Turai a matsayin ciwon tsofaffi da ba a cika gani ba. A tsakiyar Afirka da gabashinta, irin su Kwango da Yuganda, an san shi tun kafin a ji sunan ƙanjamau. Sai a watan Yulin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samari 26 a New York da Kalifoniya da suka kamu da shi. Samari da ciwon tsofaffi? Wannan mamakin na cikin abubuwan da suka kai ga gano ƙanjamau. Najeriya ta ba da rahoton mai cutar na farko a 1986.

A 1994 wasu masu bincike biyu, mata da miji, Yuan Chang da Patrick Moore na Jami'ar Columbia, suka gano ainihin mai laifin: wata ƙwayar bairos daban da ake kira HHV-8. Ita ke sa ƙananan jijiyoyin jini su yi ta tohowa ba tsari, shi ya sa tabon ke da launin jini. Ta yawu ta fi yaɗuwa, kuma a Afirka mutane da yawa sun ɗauke ta tun suna yara, suna yawo da ita har tsufa ba ta yi musu komai ba, saboda garkuwar jiki ta danne ta. Aikin HIV shi ne kashe sojojin jinin da ake kira CD4. Lafiyayyen mutum na da tsakanin 500 zuwa 1,500 a awo. In suka faɗo ƙasa da 200, gida ya zama ba mai gadi, sai abin da ke kwance ya tashi. Kaposi na iya fitowa kafin a kai nan, amma a nan ya fi yawa kuma ya fi muni.

A lura da kyau, domin nan ake samun ruɗani: HHV-8 ce ke bin yawu, HIV ba ta bi. Cin abinci kwano ɗaya, shan ruwa a moɗa ɗaya, musabaha, tsayuwa sahu ɗaya a masallaci, babu wanda ke sa wa mutum ƙanjamau. Wanda ya ware wa ɗan'uwansa kofi da cokali ya ƙara masa baƙin ciki ne kawai, bai kare kansa daga komai ba.

Sauran biyun

Ta biyu ita ce sankarar ƙwayoyin kaluluwa, wadda likitoci ke kira limfoma. Ita ba ta da haƙurin Kaposi. Kumburi ne a dasashi, ganɗa ko muƙamuƙi da ke girma cikin makonni kaɗan, ya ci ƙashi, haƙori ya yi ta girgiɗi ba rami ba tsutsa, leɓe ko haɓa su yi dindiris kamar an yi allurar kashe zafi. Sau da yawa akan ɗauka ƙurjin haƙori ne, a cire haƙorin, sai ramin ya ƙi warkewa, tsoka ta ɓullo daga ciki. Akan samu zazzaɓi, gumin dare da rama. Akwai nau'inta guda da aka fara bayyanawa a 1997, kuma a bakin masu HIV aka fara ganin sa. Danginta ne kumburin muƙamuƙin yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Limfoma na gudu, amma tana cikin sankarorin da ke jin magani in an tare ta da wuri. Sati biyu na jinkiri a nan ba ƙaramin abu ba ne.

Ta uku ita ce sankarar fatar cikin baki, wadda ke kama mai HIV da marar ita. Gyambo ne a gefen harshe, ƙarƙashinsa, ko cikin kumatu, bakinsa da tauri, ya ƙi warkewa. Manyan masu kawo ta su ne taba da giya: sigari, shisha, garin tabar da ake cusawa a leɓe, da burkutu ko ogogoro. In aka haɗa taba da giya haɗarin ya ninka. Akwai kuma ƙwayar HPV, wadda ke kawo sankarar bakin mahaifa; ita ma tana kawo ta maƙogwaro da tushen harshe, kuma jikin mai HIV ya fi kasa korar ta. Rigakafinta ne gwamnati ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023, Nasarawa da Legas na cikin jihohin farko. Iyayen da suka ɓoye 'ya'yansu saboda jita-jitar WhatsApp, ya kamata su sake tunani.

Ba kowane farin baki ne sankara ba. Farin da ke kama da dusar madara a harshe da kumatu, wanda in an goge yake fita ya bar ja, naman gwari ne, kuma yana jin magani cikin kwanaki. Akwai wani fari mai layi-layi a gefen harshe da ba ya goguwa, shi ma ba sankara ba ne. Sai dai dukansu biyu, in suka fito wa babban mutum haka kawai, suna nuna garkuwa ta yi rauni, kuma dalili ne na zuwa gwaji. Ƙa'idar da likitocin haƙori ke bayarwa mai sauƙi ce: duk gyambo, tabo ko kumburin baki da ya wuce sati biyu zuwa uku bai tafi ba, a kai shi asibiti.

Inda muke ɓata lamarin da hannunmu

Wurin farko da mutuminmu ke zuwa in ya ji ƙulli a baki shi ne wajen wanzami. Wanzamai na da matsayinsu a cikinmu, ba wanda ya musa, amma Kaposi tarin jijiyoyin jini ne. Sa masa aska ko yi masa sakiya na iya jawo zubar jinin da ba a tsayar da shi a zaure, kuma ƙullin zai dawo. Ga kuma batun askar da aka yi wa wani aiki da ita.

Wuri na biyu shi ne kemis, kuma wannan ya fi ba ni tsoro, domin kusan ba wanda ke maganarsa. Akwai ƙwayoyi irin su dexamethasone da prednisolone da ake zubawa cikin haɗin da ake ba mai ciwon jiki ko kumburi, su ne kuma wasu mata ke sha don ƙiba. Suna rage kumburi na ɗan lokaci, su buɗe ciki, mutum ya ji kamar ya samu sauƙi. Amma aikinsu danne garkuwar jiki ne, kuma likitoci sun san suna hura wa Kaposi wuta, ya bazu da sauri. Ka ga mutumin da ya fara ramewa, ya ji kunyar a ce ya rame, ya sayi maganin ƙiba, ashe fetur ya zuba. Mai tabo a baki kada ya sha irin waɗannan sai likitan da ya san halin da yake ciki ne ya rubuta.

Sai tsohuwar maganar nan da kowa ya taso ya ji: wai daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi sai ya haukace. Ga inda maganar ta samo asali a ganina. Mutane ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu, a yi allura, bayan sati biyu a rasu, sai a ce allurar ce. Ba a lissafa wata takwas ɗin da aka yi ana shafe-shafe da hayaƙi. Ɗan naman da likita ke yanka ya aika ɗakin gwaji bai kai ƙwayar masara ba, ana kashe zafin wurin kafin a yanka, kuma shi kaɗai ne hanyar rabe Kaposi da limfoma da sauran, tunda maganinsu ya sha bamban. Masu sayar da maganin gargajiya da lasifika a tashoshin mota, masu cewa suna wanke ƙanjamau daga jini cikin wata ɗaya, har yau ba wanda ya kawo mutum guda da gwajin asibiti ya tabbatar ya warke a hannunsa.

Me asibiti zai yi

A Lafia, asibitin da aka daɗe ana kira Dalhatu Araf, ko DASH, ya daɗe yana da sashen kula da masu HIV. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Keffi, kuma manyan asibitocin gwamnati na ƙananan hukumomi na yin gwaji. Gwajin jinin yatsa ne, sakamako kafin rabin awa. Akwai ma na yi-da-kanka da ake goga wa dasashi a jira minti 20. Wani zai ce, to ba an ce ƙwayar ba ta bin yawu ba? Haka ne. Abin da gwajin ke nema alamar yaƙin da jiki ya yi da ƙwayar ne, ba ita kanta ba. In ya nuna akwai, sai an tabbatar a asibiti. Wanda kuma ya riga ya fara shan magani kada ya yi amfani da shi don duba ko ya warke, domin yana iya nuna babu alhali tana nan. An yi asarar mutane ta wannan hanyar.

Tun 2006 maganin rage kaifin HIV kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma tun 2016 tsarin ƙasa shi ne duk wanda aka samu da ƙwayar a fara ba shi magani ba sai an jira ya kwanta ba. Yau akasarin manya ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD. Wannan ƙwayar ita ce kashin bayan maganin Kaposi. Idan tabon kaɗan ne kuma bai tashi ba, sau da yawa ita kaɗai ke sa ya dusashe cikin watanni yayin da sojojin jini ke dawowa. In ya yi ƙulli, ya bazu, ko ya taɓa huhu, sai an haɗa da allurar sankara ta ƙarin ruwa, irin su paclitaxel. Limfoma dole sai da irin wannan allurar, zagaye-zagaye. Sankarar fatar baki kuwa tiyata ce da gashi na na'ura. Daga Lafia akan tura mutum Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja don gashi. Mazauna Kudu na da asibitocin koyarwa na Idi-Araba a Legas, da na Ibadan, da na Inugu, da na Benin.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce: ƙwayar HIV kyauta ce, maganin sankara kuwa ba kyauta ba ne. Kuɗin allura, gwaje-gwaje, mota da masauki na iya cinye jarin ɗan kasuwa kaf. Wanda ya zo da tabo a shafe yana iya tsira da ƙwayar kyauta kaɗai. Wanda ya jira ya zama ƙulli, sai an sayar da gona.

Abu guda da ya kamata a sani tun farko: a makonnin farko na fara magani, wasu sukan ga tabon ya ƙara kumbura. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta afka wa ciwon. Ba dalilin jefar da magani ba ne, dalilin komawa wurin likita ne a ranar, musamman in numfashi ko haɗiya sun fara wuya.

Katinka na Lafia, kai kana Anacha

Nan ne matsalar tamu ta 'yan ci-rani take. Mutum ya yi rajista a Lafia, an ba shi maganin wata ɗaya ko uku, ya taho Kudu. Kaya ba su ƙare ba, ko an riƙe masa kuɗi, ko hanya ta yi tsada. Magani ya ƙare. Ya ce bari in na koma gida na karɓa, tunda lafiyata ƙalau. Wata biyu, wata huɗu. A cikin wannan giɓin ƙwayar ke hayayyafa, CD4 ya zube, Kaposin da ya kwanta ya tashi, wani lokaci ma ƙwayar ta koyi jure wa maganin.

Akwai kuma masu yin akasin haka da gangan: suna zaune a Lafia amma a Makurɗi ko Akwanga suke karɓa, ko suna Agege amma ba za su je asibitin kusa ba, don kada ɗan unguwa ya gan su a layi. Ban ga laifin mai gudun bakin mutane ba, mun san halinmu. Amma a zaɓi wurin da za a iya zuwa ko da aljihu ya bushe.

Mafita tana nan, kuma ba ta da tsada. Kafin ka taso, gaya wa ma'aikacin da ke ba ka magani cewa kai matafiyi ne. Wanda awon jininsa ya nuna ƙwayar ta kwanta, ana iya ba shi na wata uku har zuwa shida a lokaci guda. In zamanka a Kudu ya fi yawa, nemi takardar canjin asibiti, a mai da kai inda kake. In magani ya yanke maka a hanya, shiga duk asibitin gwamnati da ke ba da shi, ka nuna katinka ko kwalbar da ta ƙare. Ɗauki hoton katin a waya tun yau. Da azumi kuma ba sai an ajiye ba, tunda sau ɗaya ne a rana, a yi shawara da likita a mai da shi bayan buɗa-baki ko lokacin sahur.

Mai iyali biyu, ɗaya a gida ɗaya a Kudu, nauyinsa ya fi. In an same ka da ita, matanka na da haƙƙin sani da yin gwaji, su da ƙananan yara, kuma ma'aikatan asibiti na taimakawa wajen yadda za a faɗa. Mai shan magani daidai har awo ya daina ganin ƙwayar a jininsa ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, mai ciki kuma in tana sha, da izinin Allah za ta haifi ɗa lafiyayye. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko bayyana sirrinsa ba da yardarsa ba. Akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, NEPWHAN, da ke da rassa a jihohi, a Nasarawa kuma hukumar NASACA ce ke kula da lamarin.

Sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin 'yan doya da na direbobi a Kudu, ku ma da aikinku. In an kawo muku ɗan'uwa bakinsa ya kumbura yana ramewa, al'adarmu ita ce a yi karo-karo a sa shi a mota a mai da shi gida. Kwana biyu a bayan tirela, sannan sati uku ana shawarar wane malami za a fara gani. Kuɗin motar nan ya isa a kai shi asibitin koyarwa da ke garin da kuke, a yi gwajin jini a ɗauki naman a ranar, in ya so daga baya a tafi Lafia da takarda a hannu.

Duba bakin kuwa minti biyu ne, sau ɗaya a wata. Wanke baki tukuna, musamman in ka ci goro. Tsaya gaban madubi da tocilar waya, ɗaga kai ka ga ganɗa tun daga bayan haƙora har zuwa beli. Ja leɓen sama da na ƙasa ka ga dasashi. Zaro harshe ka juya shi hagu da dama, ka ɗaga shi ka ga ƙarƙashi. Shafa wuya da ƙasan haɓa ko akwai ƙulli. In ka ga wani abu, ɗauke shi a hoto ka riƙe ranar. Bayan sati biyu sake ɗauka. In yana nan ko ya ƙaru, je sashen haƙori na asibitin gwamnati mafi kusa, ka nuna wa likita hotunan biyu, ka kuma ce a haɗa maka da gwajin HIV.